Bindigar Kara Da Jirgin Kara

Wata rana da hantsi, a ƙarshen watan Yuli na shekarar 2020, ina kishingiɗe a gindin mangwaron da ke tsakar gidana a Kafanchan, rediyo na kusa da kunnena, sai na ji wata 'yar siririyar murya daga bayan madafa tana cewa, "Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya mutu!" Ba na ɓoye muku, sai da gabana ya faɗi. Mai karatu zai gane dalili in na tuna masa halin da mu ke ciki a kwanakin nan. Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita, ba dare ba rana, a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura, saboda kashe-kashen da aka yi a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Makarantu kuwa tun cikin watan Maris aka rufe su saboda annobar korona. Watau yara sun yi wata huɗu cur ba karatu, sa'an nan aka zo aka rufe musu ƙofar gida ma.

Na miƙe na lallaɓa na leƙa. Ashe jikana ne, ɗan shekara shida, tsaye ya wara ƙafafu, rataye da bindigar kara. A gabansa ƙanana uku sun yi rub da ciki a ƙasa, har da ƙanwarsa 'yar shekara uku, tana ta ƙyalƙyala dariya, ba ta san ma'anar abin da a ke yi da ita ba. Sauran biyun 'ya'yan maƙwabcina ne, waɗanda su kan ɓullo mana ta wata ɓaraka da ke jikin danga, don dokar gwamnati ba ta san da wannan ƙofa ba.

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne in karyo tsumagiya. Har na kai hannu ga reshe, sai uwargida, wadda ke zaune bakin ƙofa tana tsince acca, ta ce, "Malam, in ka doke shi ka karɓe ta, me za ka ba shi a madadinta?" Na tsaya da hannu a sama, na rasa amsa. Sai na saki reshen, na kira yaron na ce, "Zo nan abokina, ara mini makamin nan in gani." Ya miƙo yana ɗari-ɗari.

Na juya bindigar nan a hannuna, na sake juyawa. Karan ya zare shi ne daga jikin dangata. Ya zaɓi miƙaƙƙe ya yi baki da shi, ya ɗaure gajere a ƙarƙashi ya zama mariƙi, ya manna kwalin ashana wurin zuba harsashi, ya yage bakin tsohon zanen kakarsa ya yi maratayi. Ba wanda ya nuna masa. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a makarantun firamare, na san aikin hannu mai kyau in na gan shi, wannan kuwa mai kyau ne. Yaron yana da ido, yana da haƙurin ɗauri, yana da lissafin tsawo da gajarta. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa wani abin da ya cancanci a ƙera. Ya duba duniyar da mu ka ajiye shi a ciki, ya ga bindiga a kafaɗar soja a bakin titi, ya ji ta a bakin manya da dare, ya gan ta cikin wayar da ni da kaina na kan miƙa masa don ya bar ni in huta, shi kuwa ya ƙera abin da ya gani. In akwai mai cancantar tsumagiya a gidan nan ran nan, to, ba shi ba ne.

Abin ya mai da ni baya, zamanin da ni ma na ke kamarsa. A garin nan aka haife ni, mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a loko ya ke, inda a ke wanke kawunan jirage a gyara su. Duk wanda ya san Kafanchan ya san jirgi ne ya raya ta. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal, ya biyo ta Inugu da Makurɗi, ya iso nan ya wuce ya haɗu da na Kaduna wajen shekarar 1927, daga nan kuma aka fitar da reshe ya hau dutse zuwa Jos saboda kuzar da a ke haƙa a can. Da garin ya zama mahaɗa, sai mutane suka yi ta kwararowa. A layinmu kaɗai akwai Fantsuwam masu ƙasa, da Bajju waɗanda a lokacin a ke ce wa Kaje, da mutanen Kagoro, da Hausawa, da Ibo, da Yarabawa, da Tibi. Iyayenmu kowa da harshensa a ɗaka, mu kuwa yara Hausa ce ta haɗa mu a waje, ita da jirgi.

Ba na tuna ranar da aka saya wa waninmu abin wasa a kanti. Da an girbe dawa, sai mu bazu cikin gonaki mu ɗebo kara, mu zauna gindin kuka ko bayan kwatas mu yi ta ƙera jirage, kowa yana kwaikwayon wanda ya gani a tasha. Gwaninmu wani yaro ne ɗan Ibo, ubansa makaniken jirgi ne. Shi ya koya mana lanƙwasa waya, mu kuma muka koya masa feƙe kara. Har garwashi mu kan sa cikin gwangwani mu ɗora tsumma don jirginmu ya yi hayaƙi kamar na gaske, sai ran da muka kusa cinna wa jinkar wata tsohuwa wuta, aka jera mu aka zane, daga nan jiragenmu suka daina hayaƙi. A shekarar 1966, da ƙasa ta rikice, iyayen abokin nan nawa suka shiga jirgin kudu da abin da hannu zai iya ɗauka. Ya bar mini kan jirginsa na waya, ya ce in riƙe masa ya dawo. Ban ƙara ganinsa ba.

Ina riƙe da bindigar jikana duk wannan ya faɗo mini. Sai na tambaye shi ko ya taɓa shiga jirgin ƙasa. Ya ce a'a. Ƙanwarsa ta ce ita ta gani a waya. Ka ji fa, 'ya'yan Kafanchan, jikokin ɗan ma'aikacin loko! A shekarar nan tashar ta yi tsit, ciyawa ta rufe dogo, tsofaffin taragu suna tsaye suna cin tsatsa. Na ce masa, "Bakin bindigar nan taka daidai ya ke da bututun hayaƙin jirgi. Ka sayar mini?" Ya dube ni sheƙeƙe irin na jika da kaka, ya ce, "Kaka, kai da ba ka da ko sisi, da me za ka biya?" Na ce da muƙami zan biya, shi ne direba. Aka yi ciniki.

Bari in bayyana yadda a ke yi, don na lura iyaye matasa da yawa, har waɗanda suka tashi a ƙauye, sun manta ko ba su taɓa koya ba. A samo busasshen karan dawa, a yanka shi gaɓa-gaɓa. A ɓare ɓawon nan mai tauri na bayansa siri-siri, kada a zubar, don shi ne ƙusa. Abin da ya rage shi ne farar tsokar nan mai laushi da mu ke kira totuwa, ita ce katako. Duk inda a ke son haɗa totuwa biyu, sai a feƙe ɓawo a soke su tare. A jera dogaye biyu, a gitta gajeru uku ko huɗu a tsakaninsu, an sami gindin tarago ke nan. A kafa ginshiƙai a kusurwa huɗu, a ɗora rufi. Wanda ke kusa da rafi inda tukurwa ke fitowa, kamar yadda ta ke a fadamun ƙasarmu ta kudancin Kaduna, totuwar gwangwala ta fi ta dawa ƙarfi da kyan yanka. Ƙafafu kuwa, a zamaninmu sakaina mu kan goga a dutse har ta zama da'ira. Yanzu tsohon silifa ya fi sauƙi, ko murafun kwalba da aka huda da ƙusa. Tsinken tsintsiyar kwakwa mai kauri shi ne sandar da ƙafafun ke juyawa a kai. Gwangwanin madara a kwance shi ne tukunyar kan jirgi, gwangwanayen kifi su ne taragun kaya, zare ya haɗa wannan da wancan.

Yini biyu muka yi kafin jirginmu ya tsaya da ƙafafunsa. Na farko da muka yi, da aka ja shi sai ya wargaje, direba ya fashe da kuka. Na kusa karɓa in gyara masa, sai na tuna kuskuren da na sha gani wurin iyaye da malamai, har da ni kaina: babba ya karɓe aikin yaro ya yi shi tsaf, yaro ya koma ɗan kallo. Na daure na naɗe hannuwana, na ce ya duba inda ya fara ɓallewa. Ya duba, ya ce ƙusar ta yi gajarta. Ya feƙe doguwa. Wannan jirgi na biyu karkatacce ne, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, amma nasa ne, ko barci zai yi sai an ajiye masa shi kusa da tabarma.

Da jirgi ya samu, sai aka nemi hanya. Na ɗauki tsinke na zana musu dogo a tsakar gida kamar yadda ya ke a ƙasa. Gindin mangwaro shi ne Kafanchan. Layi ɗaya ya nufi ƙofar gida, ya bi ta Zonkwa zuwa Kaduna. Na biyu ya nufi turmi, ya bi ta Kagoro da Manchok, ya hau tudun yashi zuwa Jos. Na uku ya gangara wajen rijiya, ta Jagindi da Gudi da Lafiya, ya ƙetare kwatar wanke-wanke, wadda ta zama kogin Binuwai, a kan gadar Makurɗi ta guntun katako. Kafin mako ya ƙare, yaran da ba su taɓa wuce Gidan Waya ba sun haddace tashoshin nan a jere, sun san wace ke gabas wace ke kudu. Na yi shekaru ina fama da 'yan aji biyar a kan taswira ban sami abin da na samu a tsakar gidan nan ba.

Wuyar sha'anin tana ga ƙananan. Ɗan shekara biyu ko uku ba ya iya feƙe kara, in kuwa aka bar shi ba aiki, shi zai taka jirgin ya rushe tasha. A nan uwargida ta fi ni dabara. Ta naɗa ƙaramar jikarmu mai sayar da tikiti, ta ba ta ganyen mangwaro ta yi ta yagawa tana miƙa wa fasinja. Ɗan maƙwabci mai shekara huɗu ya zama ɗan dako, aikinsa ya cika taragu da yashi a Kafanchan ya juye a Jos, da sunan citta ce a ke kai wa kasuwa. In sun gaji da wannan, sai ta ajiye musu kwano da ruwa kaɗan, da ludayi da gwangwanaye manya da ƙanana, su yi ta ɗura wannan suna juyewa cikin wancan. Ko ta zube musu murafun kwalba ta ce su ware ja daban, kore daban. Ko ta ba su igiya da guntayen kara da ta huda su yi ta zurawa, su yi wa kansu sarƙa. Babba zai ga kamar shirme ne, alhali kuwa yatsun da za su riƙe fensir gobe a nan su ke samun ƙarfi, kuma a nan yaro ke fara sanin yawa da kaɗan, cike da rabi, tun bai san sunan lamba ko ɗaya ba.

Da ya ke damina ce, yumɓu bai yi wuya ba. Bayan gidanmu akwai inda ruwa ya zaizaye, muka ɗebo, muka tsince tsakuwa, muka kwaɓa. Jirgi na bukatar fasinja, don haka aka shiga gina mutane, da shanu masu ƙaho na ƙaya, da tukwane, da wata halitta da ƙaramar ta ce kare ne, ko da ya ke ƙafarsa shida. A ka shanya su a inuwa, don in rana ta buge su farat ɗaya sai su tsage. Muna cikin wannan ne na ba su labarin da kowane ɗan kudancin Kaduna ya kamata ya sani. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunki na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, can ƙasar Ham kusa da Kwoi. Bayan shekara goma sha biyar, a 1943, aka sake tono wani kan mutum na yumɓu a nan ƙasar Jama'a. Wanda ya same shi bai san darajarsa ba, ya kai gonar doya ya kafa a kan sanda ya zama mutum-mutumi, ya yi shekara guda a can. Daga baya ya kai ga hannun wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya lura da kamarsa da na Nok, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Bincike ya nuna waɗanda suka gina kawunan nan sun rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, yau kuwa duniya duka ta san sunan Nok. Jikana ya dubi mutumin yumɓun da ke hannunsa, ya ce, "Kaka, to su ma da suna yara suka fara?" Na ce ina tsammanin haka, don ban taɓa jin wanda aka haifa da gwaninta a hannu ba.

Fenti ma ba mu saya ba. Jar ƙasa da aka tace ta ba mu ja, gawayin da aka daka ya ba mu baƙi, farar ƙasa ta ba mu fari, gangamau ya ba mu rawaya, ruwan zoɓo ya ba mu wani ja mai duhu. A kan zuba ɗan sitacin rogo da aka dama da ruwan zafi don launin ya kama, shi ne kuma abin manna takarda. Tsinken da aka tauna bakinsa ko gashin kaza shi ne alƙalami, tsohon kwali shi ne allo. In aka tsoma totuwar masara cikin launi aka mirgina a kwali, sai ta bar zane kamar saƙa. Ƙwallayen atili da aka ci aka yar, da aka wanke su aka zuba a gwangwani aka toshe bakinsa, sun zama caki. Gwangwani biyu da dogon zare a tsakani sun zama wayar da shugaban tashar Kafanchan ke sanar da na Jos cewa jirgi ya taso. In na lissafa abin da na kashe tun daga farko har ƙarshe, bai wuce kuɗin ƙullin zare ɗaya ba.

Amma fa akwai hattara, don yaro bai san wuta ba sai ya taka. Wuƙa da reza a hannun babba su ke zama, shi zai yi yanka ya miƙa. Ɓawon kara kansa yana yanka kamar aska, sai a nuna wa yaro yadda zai ja shi nesa da yatsa. Bakin gwangwani a dandaƙe shi da dutse kafin a bayar. Duk abin da zai iya shiga bakin ɗan ƙasa da shekara uku, ko hancinsa ko kunnensa, kamar ƙwallo ko tsakuwa ko wake, kada a bar shi da shi ba idon babba. Ruwan wasa kada ya wuce na kwano, don ɗan ƙaramin yaro na iya nutsewa ko cikin bokiti. Sa'an nan a kiyayi 'ya'yan itatuwa uku da ke jan idon yara: idon zakara, jan nan mai ɗigon baƙi, da zurma, da bini-da-zugu da a ke dasawa a shinge. Dukansu dafi ne in aka tauna, na farkon ma ƙwaya ɗaya na iya kisa. Tsohon batir kuma a jefa shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Yanzu bari in faɗi laifina, don kada a ce tsoho ya zo yana wa'azi da tsarkakken hannu. Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. A lokacin akwai darasin aikin hannu a jadawali, yara su kan saƙa faifai da igiya, su ɗaure tsintsiya, su gina tukwane, a ba su maki. Sannu a hankali sai muka fara karɓar tsintsiyar da uwa ta sayo a kasuwa kamar yaro ne ya yi. Daga baya muka ce ma a kawo kuɗin kawai. Ina shugaban wata makaranta sa'ad da aka yi haka, na gani, na sa hannu, don ya fi sauƙi ga kowa. Abin da muka koya wa yaran nan ba tare da mun furta ba shi ne, mai kuɗi ba ya bukatar iya kome. Su ne iyayen yau, waɗanda in ɗansu ya dame su ba su da abin miƙa masa sai waya, ko motar roba ta kanti da za ta karye kafin la'asar.

Abin da ke ba ni dariya kuma ya ba ni haushi shi ne, waɗannan abubuwa da muka raina, su ne a ke biyan kuɗi mai yawa a makarantun 'yan gata don a yi wa yara. Bajamushen nan Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna kindagatin a 1840, kayan koyarwarsa ƙwallon zare ne, da guntayen katako, da yumɓu, da takardar naɗewa, da wani irin wake da a ke jiƙawa a soka masa tsinke a haɗa siffofi. Mene ne bambancin wannan da totuwa da ɓawon kara? Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Kakata ba ta san da wata hukuma ba, amma ba ta taɓa barin yaro zaune hannu sake ba. Ko ta ba shi gyaɗa ya ɓare, ko ta ba shi ƙasa ya yi tuwo.

Na san abin da wata uwa za ta ce, don surukata ta faɗa mini a fuska, cikin ladabi. Ta ce, "Baba, ku kun yi ritaya, kuna da lokaci. Ni da zan tashi da asuba in yi abin sayarwa, in dawo in dafa, in wanke, yaushe zan zauna feƙe kara?" Gaskiyarta. Kayan wasan nan ba sa cin kuɗi, amma suna cin lokacin babba, shi kuwa ya fi kuɗi wuya a gidan talaka. Abin da na gani dai shi ne, zaman farko ne mai tsawo. Da na yi yini biyu da babban, shi ya koya wa na bayansa, na koma ɗan kallo daga gindin mangwaro, sai in an zo yanka a kira ni. Haka mu ma muka koya, daga yaro zuwa yaro. Sarƙar ce ta tsinke a wani wuri, mai ɗaura ta kuwa ba lalle sai uwa ba. Ga kakanni zaune a ƙofar gida suna ƙorafin yaran zamani, ga yayye, ga tsofaffin malamai irina da ke da bashin da za su biya.

Ba zan ce jirgin kara ya kawo zaman lafiya a kudancin Kaduna ba. An sassauta dokar hana fita, an sake samun tashin hankali a wasu wurare bayan nan, yaran kuma sun ci gaba da jin abin da manya ke faɗi. Bindigar ma ba ta ɓace ɗungum ba. Bayan kamar mako biyu na ga an ƙera wata, na tambaya, aka ce ta mai gadin tasha ce. Na yi shiru, don yaro ba ya ƙarya game da duniyar da ya ke gani. Amma na lura da abu biyu. Na farko, ba a ƙara kwantar da kowa a ƙasa ba, don duk wanda za a kwantar yana da aiki a tasha, in ya kwanta jirgi ba zai tashi ba. Na biyu, ɓarakar nan ta danga ta ƙara faɗi. Yaran da ke shigowa ta cikinta sun kai bakwai, daga gidajen da iyayensu ba a ɗaki ɗaya su ke ibada ba, waɗansu ma a kwanakin nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Wata rana da yamma uban biyu daga cikinsu ya leƙo neman 'ya'yansa, ya ga jirgin, ya tsuguna ya ce ƙafafun nan ba haka a ke sa su ba, a ba shi ya nuna. Sai da duhu ya yi ya tafi.

Jikan nan nawa ya girma yanzu, ya bar jirgin kara, shi ke gyara mini tocila da rediyo in sun ƙi. Jirgin kuwa gara ta cinye shi tun daminar da ta biyo baya, ba wanda ya yi kuka, don masu shi sun san inda a ke samun wani. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, mu kan kawo karin maganar nan in za mu yi horo, mu manta cewa mai tanƙwara icce zama ya ke yi kusa da shi, ya sa hannu a hankali.

Roƙona ga iyaye da kakanni, da malaman makarantun firamare da na ƙananan yara, musamman a wannan yanki namu da yara suka ga abin da bai kamata su gani ba, shi ne in kaka ta yi aka girbe dawa, kada a ƙone karan duka. A ware dami ɗaya a jingine a bayan ɗaki. A ajiye kwali guda a riƙa jefa murafun kwalba da gwangwanaye da tsofaffin silifa a ciki. Ran da aka rufe makaranta, ko don hutu ko don abin da ba mu fata, a jawo kwalin nan, a zauna a ƙasa tare da su ko na awa ɗaya ne. Malamai kuma su mai da darasin aikin hannu yadda ya ke, su ƙi karɓar kuɗi a madadin abin da yaro ya yi da yatsunsa, kome muninsa.

Allah ya raya mana zuriya, ya shirye su, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.